Sunan 'Yar Fari

"Kalle ni ido cikin ido, Bakari," in ji Malam Habila, yana buga benci da tafin hannu. "Ni ba surukinka ba ne."

Bakari ya ɗago kai, ya yi ta maza na ɗan lokaci, sai idanun suka sulale suka koma kan takalmansa. Daga bayan zana matarsa Rahmatu ta tuntsire da dariya, har garin da take tankaɗewa ya kusa zubewa.

Kwana uku ke nan maƙwabcin nasa, tsohon malamin firamare da ya tsufa a Haɗejiya, yana horar da shi. Wani sabon kamfanin shinkafa a hanyar Guri ne ke neman mai kula da ƙofofin ruwa, kuma duk fadamar nan babu na biyun Bakari. Zai dubi launin kogi da safe ya ce jibi ambaliya za ta iso, ta kuwa iso. Tun da ciyawar kacalla ta cinye gonarsa, wannan aikin ne kaɗai ya rage tsakaninsa da tafiya ci-rani kudu, shi da bai taɓa yin mako guda nesa da iyalinsa ba. Sai dai kamfanin ya ce ba ya ɗaukar kowa sai an yi masa gwajin hali, wai a auna tunaninsa a ga ko ya dace.

"In sun ce me ka fi kowa iyawa, me za ka ce?"

"Sai in ce Allah ne masani."

"To, ka faɗi. Ce musu kogin nan a tafin hannunka yake."

"Malam, ai yabon kai jahilci ne."

"A da ke nan. Yanzu da shi ake cin tuwo."

*

Mai gwajin wani saurayi ne mai fara'a, Zaharaddeen, da na'ura a gabansa tana ɗaukar hoto da murya. Ya fara nuna wa Bakari wata takarda mai baƙin tabo.

"Me ka gani a nan?"

"Tawada ce ta zube, yallaɓai. Allah ya sa ba ta taɓa maka riga ba."

Saurayin ya danne dariya da ƙyar. "Kana jin wasu muryoyi in kana kai kaɗai?"

"Na kwaɗi dai, da damina."

Bakari ya fara sakin jiki. Ashe abin ma hira ce. Har ya tuna ya dubi yaron cikin ido sau biyu, duk da ya ji kamar ya taka wa wani ƙafa a masallaci.

"Saura ɓangaren iyali. 'Ya'yanka nawa?"

"Alhamdu lillahi."

"Adadi na'urar ke so, Malam Bakari."

"Huɗu," ya ce ƙasa-ƙasa, yana neman tsari a ransa.

"Faɗi sunayensu, daga babba."

"Akwai Shu'ibu, akwai Hajo, sai Auta."

"Uku ke nan."

"Akwai kuma... waccan."

Waccan ita ce Bilkisu, 'yarsa ta fari. Shekararta goma sha shida, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba, kamar yadda mahaifinsa bai taɓa furta nasa ba. Kara ce ta iyaye da kakanni. Amma shekarar da ta yi zazzaɓi mai tsanani, shi ya goya ta ya ratsa ruwa iya ƙirji har asibiti, yana kuka ba kunya.

Zaharaddeen ya rage murya. "Ni ma ɗan fari ne, har mahaifina ya rasu bai kira sunana ba. Na gane. Amma daƙiƙa talatin na'urar ke bayarwa, kuma muryarka take so, ba tawa ba."

Bakari ya buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Ya sunkuyar da kai, na'urar ta yi ƙara ta wuce tambaya ta gaba. Abin haushi, an ɗauko mudun wata kasuwa an zo ana auna mutanen tamu da shi, kuma ɗanmu aka ba riƙon mudun.

*

Bayan mako guda sakamako ya iso, da Turanci. Malam Habila ya tafi Jahun ganin jikoki, dole Bakari ya miƙa takardar gefe ba tare da ya waiwaya ba.

"Ke, duba mana."

Bilkisu ta durƙusa ta karanta a zuci. Bai dace da aikin ba. Yana kauce wa haɗa ido. Yana ɓoye bayani. Ba shi da shaƙuwa da iyalinsa, don ya kasa kawo sunan ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Ta sake bin layin ƙarshe, idanunta suka ciko.

"Me suka ce?"

"Sun ce an riga an cike gurbin, Baba."

"To. Ba rabo."

Ranar Asabar ta rako shi tasha da jakarsa a ka. Da motar kudu ta zo tashi, ya leƙo ta taga ya daɗe yana kallonta, leɓɓansa na motsi.

"Ke," ya ce, "ki kula da ƙannenki."