Ƙugin da Ya Hana Ghali Zama

Ghali da kunnensa yake cin abinci. A wani zauren taro yake aiki a Abuja, shi ne mutumin nan da ke zama can baya gaban na'urar sauti yana murɗa maɓallai domin manya su yi magana a ji su tangaran. Shekara da shekaru ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Har cika baki yake yi a majalisar mai shayi wai ko sauro ne ya yi tari a cikin lasifika sai ya ji shi. To mai irin wannan baki, ranar da abu ya same shi, wa zai tunkara ya faɗa wa?

A falonsa na haya a unguwar Kwamba, cikin Suleja, abin ya faro. Yana da kayan sauti da ya daɗe yana tarawa ɗaya bayan ɗaya, yana ji da su kamar ƙwai. Saboda Nana, 'yarsu mai rarrafe wadda ba ta barin komai a inda ta gan shi, ya ɗora na'urar kunna waƙa can saman wata kanta a bango guda. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu kuma suna ɗaya bangon. Doguwar waya ce ta haɗa su, ta bi gindin bango, ta haura saman ƙofa, ta sauko. Wata rana da yamma ya dawo aiki, ya kunna, ya zauna, sai ya ji wani siririn ƙugi a ƙarƙashin waƙar. Zuuu. Bai da ƙarfi, amma ba ya yankewa.

“Maman Nana, kin ji wannan?”

Zuwaira matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta kasa kunne. “Ni dai waƙa nake ji.”

“Ina za ki ji! Injin markaɗen maƙwabta ya gama da kunnenki.”

Ta yi dariya ta koma. Shi bai yi ba.

Tun daga ranar Ghali ya kasa zaune ya kasa tsaye, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya sauya soket. Ya raba wayar sauti da wayar wuta. Ya kashe firji, ya kashe fanka har gumi ya jiƙa su, ya je ya yi wa maƙwabcinsa ƙorafin janareta har suka kusa ɓatawa. Ƙugi yana nan daram.

Da a gida kawai abin ya tsaya da sauƙi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar Alhamis a wurin aiki ya tsayar da buɗe taro, baƙi na zaune suna duba agogo, shi yana rarrafe a ƙarƙashin tebur yana neman ƙugin da babu wanda ya ji sai shi. Da aka fara kuma, ana tsakiyar jawabi wata lasifika ta ɗauki fito, mutane suka toshe kunnuwa suna waigowa, shi ne na ƙarshen lura. Bayan an watse ogansa ya kira shi gefe. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce, “Ghali, lafiyarka kuwa? Litinin akwai babban taro. Ba na son in sa wani a kujerarka.”

A motar dawowa Suleja, an matse shi tsakanin wani mai buhun doya da taga, zuciyarsa ta raɗa masa abin da yake gudu: in fa ba a waya ƙugin yake ba? Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya yi maza ya yi a'uziyya. Waya ce mana! Kowa ya san doguwar waya mai baki ɗaya kwashe-kwashe gare ta, duk wata hayaniyar wuta da ke cikin gida sai ta jawo ta zuba a lasifika. Maganinta waya mai haƙori uku, irin ta wurin aiki, wadda ke kashe hayaniyar da kanta komai tsawonta. In ya sa ta a gida ƙugin ya mutu, shi ke nan, kunnensa lafiya lau, na zauren taro ma wata matsalar ce daban. Har suka wuce dutsen Zuma yana jera wa kansa hujjoji.

Asabar da hantsi ya auna bango da igiyar shanya, ya ƙulle inda tsawon ya tsaya, ya cusa ta aljihu. Zuwaira da kayan shanya a hannu ta fito ta tarar babu igiya.

“Baban Nana, yanzu har abin ya kai ga igiyata?”

“Yanzu zan dawo.”

Ta sake yin magana yana bakin ƙofa, bai juyo ba. Sai da ta ɗaga murya. “Na ce ka taho da tumatir!”

“To ai sai ki buɗe baki ki yi magana,” ya ce, ya tare Keke Napep.

Shagon Tunde yana cikin kasuwa, layin masu kayan wuta. Bayerabe ne, amma a Suleja aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ya yi gado. Ya ga Ghali ya washe baki. “Oga sauti! Yau kuma me ya lalace?”

“Waya mai haƙori uku nake so, doguwa, guda ɗaya. Kada ka kawo min tarkace.”

Tunde ya zubo masa kala-kala a kan kanta. Nan fa Ghali ya samu abin yi. Ya ɗaga wannan ya ji nauyinta, ya ajiye. Ya lanƙwasa waccan ya ga ko za ta miƙe da kanta. Ya kwance kan wata, ya leƙa yadda aka yi wa haƙoran dalma, ya ja tsaki. Ya sa aka fere bakin wata ya ga ragar jan ƙarfen da ke ciki, ya ce wannan raga ko kifi ba za ta kama ba. Mai kauri ta yi masa gajarta, mai tsawo ta yi masa sirantaka. Ya fita shagon, ya zaga layin, ya dawo. Tunde ya ce, “Oga, ko amarya ake zaɓe ai da yanzu an ɗaura.”

Daga ƙarshe ya tsaya a kan wata baƙa mai laushi, ya shimfiɗa igiyar shanya a gefenta, ta wuce da kamu guda. Tunde ya haɗa masa ita a kayan shago don gwaji. Ghali ya kasa kunne. Ga masu janareta, ga masu rake da baro, ga wani yana tallar maganin basir da lasifika. Babu ƙugi, ko ɗis. Wani daɗi ya lulluɓe shi har ya dafa kafaɗar Tunde. Ko kusa bai yarda ya tambayi kansa me mutum zai iya ji a tsakiyar kasuwar Suleja ba. Ya manta da tumatir.

Bayan azahar Nana ta yi barci, unguwa ta ɗan lafa, an kuma yi sa'a akwai wuta. Ghali ya bi bango da sabuwar waya, ya haura ƙofa, ya sauko da ita bayan amfilifaya, ya bar tsohuwar a gefenta. Sannan ya kira Zuwaira, domin yana da yadda yake gwaji a wurin aiki. Ba ya yarda da ido. Ido, in ji shi, munafuki ne, in ya ga sabon abu sai ya ce wa kunne ya fi daɗi. Don haka shi zai zauna ya rufe ido, wani ya riƙa sauya waya ba tare da ya faɗa masa wacce aka sa ba.

“Ki tsuguna nan. Ki sa wannan, ki cire, ki sa waccan, yadda kika ga dama. Kada ki ce min komai. In ƙugin ya tsaya zan ɗaga hannu.”

“Baban Nana, da ka bari ka ci abinci tukuna.”

“Ke dai yi abin da na ce.”

Ya zauna tsakiyar kujera, ya dafa gwiwoyi, ya runtse ido. Ba a sa waƙa ba, kayan kawai aka kunna. Ya ji ƙarar shigar waya, ƙyas.

“Yana nan. Wannan tsohuwar ce. Sauya.”

Ƙyas.

Ya karkata kai. Ya jira, ya ƙara jira, hannunsa na dama har ya fara tashi da kansa don ɗoki, ya mayar da shi.

“Ba ki tura ta ta shiga sosai ba. Sake.”

Ƙyas.

“Yana nan. Kai! Tunde ya cuce ni. Wallahi jabu ya ba ni, yau sai na mayar masa da abarsa. Sauya mu ji.”

Wannan karon bai ji ƙarar komai ba. Zufa ta gangaro masa ta bayan kunne.

“Kin ji ko? Kin ji yadda ya ƙaru? Yanzu kam ko ke kya ji shi. Zuuu, kamar ƙudan zuma. Maman Nana, ki ce kin ji mana!”

Ya buɗe ido a fusace.

Zuwaira ba ta tsugune. Tana tsaye a jikin bango, fulogin amfilifaya a hannunta, ta zare shi daga soket. 'Yar koriyar fitilar nan ta gaban na'ura a mace take. Lasifika biyu sun zama akwatunan katako kawai. Idanunta sun cika da hawaye, ba ta share ba.

Ghali ya dubi fulogin, ya dubi fitilar. Ƙugin yana ta yi abinsa, a kunnen hagu ya fi ƙarfi. Babu ruwan Tunde, babu ruwan janareta, babu ruwan wayar gidan.

Ta zo ta zauna a hannun kujera ta hagunsa, ta yi magana a hankali. Ya ga leɓɓanta suna motsi.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗan matsa, ya buga wurin da ke damansa da tafin hannu.

“Zagayo ta nan,” ya ce, “ki sake faɗa.”