Haƙorin Tela

Maigidana tela ne, kuma shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin ya yanke zare da almakashi ba. Da haƙorinsa na gaba yake tsinkewa, ya tofar, ya mayar da karan sigari gefen baki. In na yi masa maganar taba sai ya wangale min baki, wai in duba, dasashinsa bai taɓa yin jini ba ko sau ɗaya. Taurin kai kam Allah ya ba shi.

Ranar da haƙorin ya fara motsi, tsoro ya kama shi, ko da yake ya ce zaren bana ne ba shi da kyau. Shiru-shiru ya ajiye taba. Kwana goma muna shan masifa a gidan nan, har kyanwa sai da ta ƙaurace masa.

Sai ga shi wata safiya ya fito daga banɗaki riƙe da buroshi ja-jawur, yana murna kamar ya ci gasa. Wai tun da ya bar taba jini ya fara, ashe ita ce maganin. Ya sa hula zai je kanti. Na tare ƙofa, na ce sai dai mu fara biyawa wurin likitar haƙora, in ta yarda, ni da kaina zan saya masa kwalin taba.

Likitar ta saurare shi har ya gama kawo hujjojinsa. Sannan ta ce taba tana matse jijiyoyin jini ne, ciwon na cin dasashi a ɓoye. Jinin nan ba sabon ciwo ba ne, tsohon ne ya samu bakin magana.

"To, haƙorin fa?" ya tambaya, murya can ƙasa.

"In ka koma wa taba, ka yi masa sallama. In ka daure, za mu gwada."

Ta wanke masa dattin da ya daskare, ta hana shi cizon zare. Ya daure, yana mita.

Bayan wata uku ta danna haƙorin da yatsa, ta ce abin da ya zaizaye ba zai dawo ba, amma haƙorin zai zauna. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

A hanya na tambaye shi me ya fi ba shi tsoro. Ya nuna haƙorin da yatsa, ya ce:

"Ke kika ce shi ya fara burge ki, ranar da kika kawo ɗinki. Kin manta ne?"

Na manta ƙaf. Ban dai gaya masa ba.