Har da Kayan Ciki

A bakin shagon Adebayo, inda ake biyan kuɗi a buga gem, kusa da tashar Funtua, aka ƙulla cinikin. Ɗanasabe mai cajin waya, wanda rumfarsa ke tsallaken titi, ya ajiye sabuwar na'urar gem a kan benci, fil a kwalinta. Surukinsa ne ya aiko masa da ita daga Kano, shi kuwa bai san ko inda ake kunna ta ba.

"Musaya za mu yi, Bayo. Ka ba ni tsohuwar nan taka, ka riƙe wannan."

Adebayo haifaffen Funtua ne, ya san ba a kawo wa mutum garaɓasa har ƙofa a banza. Ya juya kwalin, ya duba ko'ina, bai ga aibu ba.

"Malam Ɗanasabe, ko dai ta sata ce?"

"Ka ji ɗan banza. Da furfurata? Amma fa har da kayan ciki nake so."

Ɗanasabe tsohon dillalin awaki ne, bakinsa bai bar yaren kasuwar dabbobi ba. Adebayo ya ɗauka wayoyin haɗa na'urar da hannayen bugawa yake nufi. Ya ce ya sallama, suka tafa.

Wasa ɗaya ne ya riƙe shagon nan shekara da shekaru. Sunansa na Turanci ya gagari bakin mutane, sai suke ce masa Mai Tabo, saboda wani tabo da jarumin yake da shi a kunci. Ana fitar da sabo a kai a kai, tun jarumin yana saurayi har ya yi gemu. Sabuwar na'urar tana ɗauke da na bana. Lissafin Adebayo shi ne kowa sabo yake so.

Quadri mai a-daidaita-sahu ya gaskata shi tun ranar farko. Shi harbi da gudu ne abincinsa, in ana magana a wasan ma tsallakewa yake yi.

"Oga Bayo, ka ga bindigar nan kuwa? Yau fasinja sai dai su taka da ƙafa!"

Da hantsi Malam Sanda tela ya shigo, ya zauna inda ya saba, ya dubi allon.

"Ina nawa?"

"Wannan ya fi shi, Malam. Dubi yadda ruwa ke sauka, kamar gaske."

"Ban tambaye ka ruwa ba. Na bar mutumina a bakin gada, da dokina da kayana. Ina suke?"

Malam Sanda tun bara yake kan fitowa ta uku. Ba ya harbin kowa. Laɓe yake yi a bayan katanga, ya jira mai gadi ya juya, ya wuce sum. Samari suna ce masa matsoraci, ya ce wanda ya iya zura zare a allura ba ya gaggawa. Duk abin da ya tara yana ajiye cikin tsohuwar na'urar.

A nan Adebayo ya gane kayan cikin da aka saya.

Ba Malam Sanda kaɗai ba ne. Leburorin gidan gurzar auduga su tsohon suke so, don a nan ne mutum biyu ke raba allo su yi ta zagin juna. Sabon kuwa mutum ɗaya yake ɗauka. Hatta Omowunmi, ƙanwar Adebayo, da ke bin labarin kamar wasan kwaikwayo, ta leƙa ta taɓe baki.

"Sun canza masa murya. Wannan ba shi ba ne."

Ɗanasabe ya sa aka haɗa masa tsohuwar na'urar a rumfarsa. Kafin sati ya zagayo, bencinsa ya cika. Daga rumfarsa ya daɗe yana kallon masu shiga shagon, ya san wanda ke zuwa kullum da wanda ke zuwa in an yi sabon abu.

Adebayo ya tsallaka titi.

"Malam Ɗanasabe, a warware cinikin nan."

"Da bakinka ka ce ka sallama, ko ni na ce maka?"

"To bari in kwashe abin da mutanena suka ajiye."

"Mutanenka? Ga su nan, tambaye su."

Malam Sanda bai ko ɗago ba. Mai gadi yake jira ya juya.

Adebayo ya koma shagonsa. Samari masu son harbi ba su guje shi ba, sai dai su kamar kasuwar Danja suke, su cika yau, gobe a nemi kowa a rasa.

Ɗanasabe ya ci riba, ga masu wasa ga wayoyinsu a caji. Quadri ma ya samu, don yanzu ba ya bin layi. Adebayo ya tashi da na'ura mai kyau da benci rabi. Wanda ya fi kowa asara shi ne mai shayin da ke jikin shagonsa, wanda masu shan shayinsa suka tsallaka titi, ba a ko shawarce shi ba.