Gahawar da Baffa Ya Sha Kafin Roƙo

Wata bakwai da faɗowar Baffa Abu Laith daga kan tsani a gonar zaitun, aka sa ranar neman aurena. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ne kuma bakin danginmu duk inda aka je neman aure a garinmu Karak. Amma tun da kansa ya bugu, in mutum biyu suka yi magana lokaci guda sai kalmomi su tsere masa. Ko ƙarar cokali sai ta sa ya dafe kai.

"Ka bar wa Abu Sakhr, ai ƙaninka ne," in ji matarsa, Ummu Laith.

"Wanda ya je nema wa ɗansa mata ya kira sunan yayarta mai 'ya'ya uku? Ni zan roƙa wa Muhannad, ko da rarrafe," in ji Baffa, yana nuna ni.

Likita Hanin, mai koya masa tattara tunani, ta rubuta masa jimla uku a kati, ta ce mu riƙa gwaji a gida. A gwajin, ni nake zama uban amarya. Muka fara cikin shiru, sannan da rediyo, sannan da Ummu Laith tana suya tana mita. Ya ci galabar rediyo. Ummu Laith kuwa sau huɗu ta kayar da shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka shiga zauren Abu Rakan, mahaifin Sawsan, yarinyar da nake nema. Maza sittin. Ga hayaƙin turare, ga wayoyi suna ruri, ga gaishe-gaishe kowa na ɗaga murya. Baffa ya cire audugar da yake toshe kunne da ita tun a ƙofa, wai rashin ladabi ne. Kafin mu zauna gumi ya jiƙa katin da ke hannunsa. Na ga ya runtse ido.

"Baffa, mu fita ka huta?"

Bai ma ji ni ba.

Aka miƙa masa finjalin gahawa. A wurinmu ko yaro ya san ajiye shi ake yi a gabanka, ba a kurɓa sai mai gida ya biya buƙatar da ta kawo ku. Amma wata bakwai ke nan duk abin da aka sa wa Baffa a hannu ce masa ake, "Shanye, magani ne."

Ya ɗaga kai ya shanye tas.

Zauren ya yi tsit. Abu Sakhr ya saki baki. Ni kuwa na ji aurena ya bi gahawar.

Baffa ya buɗe ido a hankali, ya dubi finjalin, ya dubi jama'a.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe kun iya shiru."

Ya miƙe, ya bar katin a kan kujera.

"Abu Rakan, kaina ya fashe, likita ta ce in riƙa yin abu ɗai-ɗai. Na gama da gahawa." Ya tsaya ya ja numfashi, babu wanda ya ko yi tari. "Saura abin da ya kawo mu. Muna roƙon 'yarku Sawsan, ku ba ɗanmu Muhannad, bisa sunnar Manzo."

Abu Rakan ya shafa gashin baki, ya dube shi.

"Shekarata sittin da biyar, ban taɓa ganin wanda ya haɗiye amsa kafin tambaya ba. To yanzu yaya zan yi, Abu Laith, in zaro ta daga cikinka?"

"Ka gwada, likitoci ma sun buɗe ni sun rufe."

"Mun ba ku! A sake zuba masa, ya sha ta halal."

Dariya ta ɓarke, aka karanta Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa daga saman bene. Baffa ya damƙe hannuna.

"Ango, kai ni mota."

Na zaunar da shi, na rufe gilasan motar. Minti goma idonsa a rufe, tafukansa a kan kunnuwa. Da numfashinsa ya daidaita ya ce, "Sunan wa na kira?"

"Sawsan, Baffa."

"Madalla. Koma wajen surukanka. Ka ce a ajiye mini kayan zaƙin nan, kunafa, ta gefen faranti, inda ta fi soyuwa."