Takun Marvella a Kwanar Ƙarshe

A bangon zauren wasanni na Kwalejin Marrow akwai ƙananan katakai talatin da biyu rataye a ƙusa, kowanne da sunan wanda ya fi kowa a wasansa tun kafuwar makarantar. Na goma sha ɗaya daga hagu ne Zenobia Tibbs ba ta iya wucewa sai ta ɗaga kai. Tseren mita ɗari huɗu na mata. Marvella Tibbs. Sakan 52.10. Shekarar 1994.

Mahaifiyarta ce. Wata goma sha huɗu ke nan da binne ta.

Al'adar Marrow ba ta da sassauci. Duk wanda ya karya tarihi, shi zai hau tsani da ƙafarsa, ya sauke katakon wanda ya kayar, ya miƙa masa hannu da hannu a gaban jama'a. In mai katakon ya rasu, a ba danginsa. Zenobia kuwa ita ce dangin, ita kaɗai.

Tun farkon bazara take kusantar lambar nan. Hamsin da biyu da ɗigo huɗu. Da ɗigo uku. Amma duk lokacin da ta shiga kwanar ƙarshe, sai ta ji taku a bayanta, ko da ta yi wa sauran nisa. Taku ne mai sauƙi, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa, kamar yadda Mama ke takawa daga kicin zuwa ɗakinta da kofin shayi. Har numfashin tana ji a ƙeyarta. Sai ƙafafunta su lafa da kansu, don kada ta bar mai takun a baya.

"Ke Zee, wa kike jira a kwanar nan?" in ji Sharonda, abokiyar gudunta, ranar Laraba bayan atisaye, tana kwance a ciyawa tana haki. "In saurayi ne ki gaya mana mu ma mu rage gudu mu gan shi."

"Ke da ko bayana ba kya hangowa, me za ki gani?"

"Ji rashin kunya! Koci, kin ji ta ko?"

Koci Earline Batiste, mai horar da su, ba ta yi dariya ba. Mace ce doguwa mai furfura, wadda ta yi gudu tare da Marvella tun filin nan yana jar ƙasa. Ta kori sauran zuwa wanka, ta nuna wa Zenobia benci.

"Zauna, 'yata. Agogon nan nawa ba ya ƙarya. Mita ɗari ukun farko kina gaban uwarki. Sauran ɗarin kuma kina bayarwa kyauta."

"Gajiya ce, Koci."

"Gajiya a ina! Na san gajiya, na aure ta shekara talatin." Ta rage murya. "Tana jan ƙafar hagu ko?"

Zenobia ta zaro ido. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Kada ki zaro min ido," in ji Koci. "Uwarki ma ta ji nata. Kafin Marvella, katakon na Mis Ozella Grimes ne, wadda ta yi gudu a zamanin wariyar launin fata, lokacin da in motarsu ta tsaya a hanya ba a sayar musu da ko ruwa. Ta rasu muna aji biyu. Shekara guda cur uwarki tana jin tsohuwar nan a bayanta."

"To ya ta yi?"

"Ta wuce ta. Ta yi kuka kwana uku."

Zenobia ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminta. "Anti Earline, an sayar da gidanmu. Kayan Mama na raba wa matan coci. Bangon nan ne kaɗai wurin da sunanta ya rage a tsaye, in ban da kabari. Ni zan sauke shi da hannuna?"

"In ba ke ba, wata ce. Akwai 'yar aji ɗaya mai ƙafa kamar barewa. Ita za ta hau tsanin, ta miƙo miki, ta ce ki yi haƙuri ba ta san mai sunan ba. Zaɓi wanda za ki iya ɗauka. Ni ba zan zaɓa miki ba."

Ranar Asabar filin ya cika maƙil. 'Yan badujala na ta kiɗa, ƙanshin soyayyen kifi na tasowa daga bayan rumfuna, tsofaffin ɗalibai mata sun zo da manyan huluna da mafitai na takarda. Wannan ne tserenta na ƙarshe a matsayin ɗaliba. Layi na huɗu aka ba ta.

Bindigar fara tsere ta tashi.

Mita ɗari biyun farko ba ta ji komai ba sai iska. Da ta karya kwanar ƙarshe, kiɗa da ihu suka ɗauke kamar an rufe ƙofa, takun ya zo. Kusa fiye da kullum. Ya matso har kafaɗarta ta dama, suka jera, har ta ji ƙanshin man kwakwan da Mama ke shafa wa gashinta. Da za ta rage kaɗan, da sun isa tare.

"Mama, ki yafe min," ta faɗa a ranta, ta sake ƙafa.

Takun ya koma taki ɗaya baya. Biyu. Ba ta waiga ba.

Sakan 51.94.

Da yamma Sharonda ta riƙe mata tsani, ba tsokana ko ɗaya a bakinta. Katakon bai da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ta mamaki ke nan. A bayansa fentin bango ya fi haske, ga ramukan tsofaffin ƙusoshi huɗu, na matan da aka sauke kafin nan. Ta sauko, ta tsaya tana duban jama'a, babu wanda za ta miƙa wa. Sai ta rungume shi a ƙirjinta. Koci Earline ta juya tana gyara hular da ba ta karkace ba.

Litinin da safe, raɓa ba ta bushe ba, Zenobia ta koma filin ita kaɗai. Ta zagaya a hankali. Da ta iso kwanar ƙarshe ta rage gudu, ta ƙara ragewa, har ta tsaya cik, ta kasa kunne.

Tsuntsaye. Injin yankan ciyawa daga can nesa. Numfashinta.

Ta daɗe a tsaye a layi na huɗu, tana jira.