Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Daga "ke" sai "waccan". Ko tabarma ɗaya ba ma haɗawa. Kunya ce, na sani, amma wallahi abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina Kano ina digiri na biyu kan yadda ƙwaƙwalwar mutum ke riƙe abu da yadda take sakinsa, sai ƙanena Zayyad ya bugo waya. Wai Inna ta zuba gishiri a koko, kuma tana ta cigiyar Baba, wanda ya rasu tun tuni. Har da cewa tsufa ne kawai, kada in tashi hankalina. Tsufan me! Na kashe wayar, na nufi tashar motar Gumel.

A hanya ina ta lallashin kaina da abin da aka koya mana a aji: sabon abu ke fara gogewa, tsohon yakan jima. To wa ya riga ni cikin 'ya'yanta? Ko kowa ta manta, ban da ni.

Na isa garinmu Gagarawa da la'asar, na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake. Ina yin sallama ta ɗago ta kalle ni ido cikin ido, ta washe baki, ta matsa mini gefen tabarmarta. Zayyad sai murna yake, wai ga shi nan ta gane ni. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Inna ba ta yi mini haka. Baƙi take yi wa.

Ta gaishe ni tiryan-tiryan, gajiya, mutan gida, ba inda ta yi tuntuɓe. Sannan ta tambaye ni daga ina. Na ce Kano.

"Ayyo, ina da 'ya a can," in ji ta. "Muhsina. Ita ce ta fari. Duk cikin yaran nan babu wanda nake so kamarta, sai dai ba a faɗa."

Na sunkuyar da kai ina tsince waken da ba na ko gani, hawaye na ɗiga a faifai.

Ta dafa hannuna. "In kin koma, don Allah ki ce mata ta zo gida."

Na ce to, Inna, zan gaya mata.