Ranar da Aka Rataya wa Danny Taya

Lois na cikin kwashe ƙosai daga mai a bakin layinsu na Herwagana sai ta ji unguwa ta ɓarke da ihun ɓarawo. Kafin ta sauke kasko, Jummy maƙwabciyarta ta iso tana haki.

"Mama, Danny ne! Wayar wata mata ya fizge, aka cafke shi."

Danny ɗan kalare ne, irin 'yan dabar siyasar nan. Shi ya sassare Nehemiah, ɗan Lois, da adda lokacin yaƙin neman zaɓe, yaron ya cika a cinyarta tun ba su kai asibiti ba. An kama Danny, aka sake shi. Tun daga nan sai dai ta gan shi yana wucewa a kan babur, ko kallonta ba ya yi.

Ta suri itacen girki ta kutsa cikin taron. Danny na yashe a bakin kwata, kai a fashe, hannu ɗaya ya karye yana reto. Matasa sai jibgarsa suke da gora da bulo. Da suka gan ta, suka dare suka ba ta hanya. Ta maka masa itacen a kafaɗa, ta ƙara masa a haƙarƙari, ba ta tsaya ba sai da itacen ya tsage. Wani ya rataya masa taya, wani ya tuttula masa fetur.

"Mama, ke za ki ƙyasta," in ji wani saurayi, ya miƙa mata ashana.

Danny ya buɗe ido da ƙyar. Bai roƙe ta ba. Baki cike da jini ya ce, "Yesu, ka ji tausayina."

Lois ta tsaya da ashanar a hannu. Wannan bakin ne zai kira sunan nan? Abin da ya fi ƙona mata rai, ta san za a saurare shi. Yesun da ya karɓi tuban ɓarawo a kan gicciye ba zai tsaya tambayar ko Danny ya cancanta ba. Ita ma ga ta da jinin mutum a zani, jinƙan nan dai take buƙata.

Ta wurga ashanar cikin ruwan kwata, ta faɗa kan Danny ta rufe shi da jikinta.

"Duk mai ƙona shi ya haɗa da ni!"

Bulon da wani ya riga ya jefo ya same ta a ƙeya. Jini ya wanke mata wuya, amma ba ta ɗaga ba. Abdulmumini, telan layin, ya tsaya a kansu yana daka wa matasan tsawa har 'yan sanda suka iso.

A asibiti, ana ɗinke mata kai, Jummy ta ce, "Mama, ke nan kin yafe masa?"

"Ban sani ba, 'yata. Har yanzu zuciyata tafasa take. Allah ne ya riga ni yafe masa." Ta runtse ido. "Je ki duba mini ko yana numfashi."